Tambayoyi da amsoshi: yadda ake duba lafiyar kamfani, nauyin bashinsa da tsadar jari kafin mutum ya zuba sidinsa

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa a bakin mutanenmu na zango, daga Aboabo da Asawase har 'yan shagunan Kejetia da Adum, musamman tun da aka fara sayen hannun jari ta momo. Aikina lissafin kuɗi ne shi ya sa ake yawan tare ni da su, toh na ga gara in tara su wuri ɗaya. Duk inda kuka ga nace "a ce", misali ne na kafa don lissafi ya fito fili, ba wani kamfani na gaske nake nufi ba.

Na sayi hannun jarin MTN tun 2018 kuma farashi ya hau, me kuma zan tsaya dubawa?

Allah ya ƙara albarka. Lokacin da MTN Ghana suka fito da hannun jarinsu a 2018 pesewa 75 aka sayar da kowane ɗaya, kuma ga yawancin mutanenmu wannan ne karon farko da suka taɓa mallakar wani yanki na kamfani. Amma farashin da kake gani a kasuwa abin da mutane suka yarda su biya yau ne, gobe yana iya canzawa saboda labari ko tsoro ko wani babban mai kuɗi ya sayar da nashi, lafiyar kamfanin kuwa tana cikin littattafansa ne.

Abu uku nake so ka riƙa tambaya kan kowane kamfani. Ribar da yake faɗa kuɗi ne na gaske da suka shigo hannu? Da kuɗin wa yake juyawa, na masu shi ko na bashi? Sannan abin da yake samu a kan kowane sidi ya fi abin da sidin nan yake ci masa? Ta ukun nan ita ce mutane suka fi mantawa da ita, kuma a Ghana inda kuɗin ruwa ke da tsada ita ce take raba kamfanin da yake gina dukiya da wanda yake cinye ta a hankali yana sanar da riba.

Ina ake samun lissafin kamfani, kuma daga ina zan fara karantawa?

Duk kamfanin da ke kan Ghana Stock Exchange (GSE), wato kasuwar hannun jari ta Ghana, dole ne ya fitar da rahoton shekara wanda oditoci, wato masu binciken lissafi na waje, suka duba, da kuma na wata uku-uku wanda ba a duba ba tukuna. Ana samunsu a shafin intanet na GSE da na kamfanin kansa, kyauta ne. Ita kasuwar an kafa ta a 1989, ta fara ciniki a Nuwamba 1990, ofishinta na Cedi House a Accra.

In ka buɗe rahoton a wayarka kar ka ɓata lokaci a shafukan farko, hotunan daraktoci ne da jawabin shugaba da hoton rijiyar burtsatse da suka haƙa wa wani ƙauye. Gangara ka nemo wasiƙar oditoci, ka ga ko sun ce lissafin ya nuna gaskiyar halin kamfanin ba tare da wani sharaɗi ba, in ka ga sun rubuta cewa akwai shakka ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki toh ka tsaya nan ka yi tunani sosai. Bayan nan ka kalli saman teburin lambobi, sau da yawa za ka ga ɗan ƙaramin rubutu GH¢'000, ma'ana kowace lamba ka ƙara mata sifili uku, wato 45,200 ɗin da kake gani sidi miliyan 45 ne da dubu 200. Mutane da yawa nan suke fara ruɗewa.

Teburan lissafin suna da yawa, wanne ne wanne?

Uku ne manya. Na farko bayanin riba da asara, yana nuna ciniki nawa aka yi a shekara, aka kashe nawa, me ya rage. Na biyu balanshit, shi kuma yana nuna a rana ɗaya, yawanci 31 ga Disamba, me kamfani ya mallaka, wa ke binsa, sannan me ya rage wa masu shi in an cire bashi daga kadarori. Na uku kashfulo, wato shige da ficen tsabar kuɗi. Sai dogayen bayanai na bayan littafi masu lamba-lamba, a nan ake faɗin bashin banki nawa ne, da wane kuɗin ruwa, da sidi ne ko da dala, yaushe za a biya. Ni nafi daɗewa a wannan ɓangaren fiye da ko'ina.

Yaya kamfani zai ce ya ci riba amma kuma ba shi da kuɗin biyan albashi?

Wannan duk mai shago ya san shi. Ka duba littafin bashin nan mai bangon ja da ke ƙarƙashin kanta, Hajiya ta ɗauki buhun shinkafa biyu zata kawo ƙarshen wata, mai waakye ta ɗauki jarkar mai, wani an ja layi a sunansa, wasu kuma sunansu na nan tun kafin azumi biro har ya fara dushewa. Duk ciniki ne, kuma in ka lissafa riba tana ciki, amma ranar da mai kawo kaya ya tsaya a ƙofa ba littafin zaka miƙa masa ba. Lissafin kamfani ma haka yake, ana rubuta ciniki ranar da aka ba da kaya ba ranar da aka karɓi kuɗi ba.

Don haka ka ɗauki ribar shekara ka ajiye kusa da tsabar kuɗin da ainihin aikin kamfani ya kawo, wanda ke saman teburin kashfulo. In shekara uku a jere riba na hawa tsabar kuɗi kuma na ƙasa ko ma ba komai, akwai magana. Sai ka lissafa kwana nawa kuɗinsu ke yi a hannun mutane: a ce ciniki miliyan 12 ne a shekara, bashin da suke bin kwastomomi miliyan 4, ka raba 4 da 12 ka ninka da 365, kusan kwana 122 kenan, wata huɗu. Ka duba bara nawa ne, in yana ƙaruwa toh suna sayarwa ne ga waɗanda ba sa biya da wuri. Kamfanonin da babban kwastomansu gwamnati ce ko ɓangaren lantarki sun fi fama da wannan a ƙasar nan, kuma abin takaicin shine yayin da suke jiran kuɗinsu sai su je banki su ci bashi mai ruwa don su riƙe aiki, kaga riba ta fara zubewa kenan tun kafin ta iso.

Ciniki ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, ba ci gaba ba ne?

Sai ka tambaya farashin kaya ya tashi da nawa a shekarar. A Disamba 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, duk mun gani a kasuwa. A ce ciniki ya ƙaru da 20 a shekarar da farashi ya tashi da 40, toh a gaskiya kayan da suka sayar sun ragu da kusan kashi 14, lambar ce kawai ta kumbura. In rahoton ya faɗi yawan kaya, katan nawa, lita nawa, kwastoma nawa, wannan ya fi lambar sidi gaskiya.

Waɗanne ma'aunai ne suka fi amfani wajen auna riba?

Ba sai ka haddace ashirin ba. Na ɗaya, a cikin kowane sidi 100 na ciniki nawa ke zama riba bayan an cire kuɗin gudanar da aiki, wato ribar aiki, kuma kar ka gwada kamfanin mai kamar GOIL da kamfanin waya, mai sayar da fetur ribarsa a kan kowane sidi siririya ce yawan ciniki ke riƙe shi, sai dai ka gwada shi da TotalEnergies, shi ma Fan Milk ka gwada shi da nashi na shekarun baya.

Na biyu ribar da aka samu a kan jarin masu kamfani, a rahoto zaka ga an rubuta ROE. Na uku, wanda ni nafi yarda da shi, ribar aiki a kan dukkan jarin da ake juyawa, na masu shi da na bashi a haɗe. Dalilin da yasa na fifita na ukun shine ROE bashi yana iya kumbura shi, kamfani ya ci bashi mai yawa sai lambar ta yi kyau alhali aikin bai ƙara kyau ba, duba amsar da ke biye zaka ga yadda hakan ke faruwa. Wannan na ukun kuma shi zaka gwada da tsadar jari a can ƙasa.

Wai me ake nufi da nauyin bashi, kuma me ya sa ake cewa yana ƙara riba?

Yana ƙarawa, kuma yana ƙara asara daidai wa daida. A ce kamfanin ruwan leda ne yana buƙatar sidi miliyan 1 na injina da mota, kuma a shekara mai kyau aikin yana kawo dubu 300. In duk kuɗin na masu shi ne sun samu kashi 30 cikin ɗari. In kuwa sun sa dubu 500 nasu suka ranto dubu 500 a kan ruwa kashi 25, banki zai karɓi dubu 125, ya rage dubu 175 a kan dubu 500 ɗinsu, kashi 35 kenan. Ka ga bashi ya ɗaga su daga 30 zuwa 35 ba tare da sun sayar da leda ɗaya ƙari ba.

Yanzu shekara ta juya, damina ta yi tsawo mutane ba sa shan ruwa sosai, kuɗin wuta ya hau, janareto ya sha mai, aikin ya kawo dubu 100 kacal. Wanda bai ci bashi ba ya samu kashi 10, ba daɗi amma yana tsaye. Mai bashi kuwa banki na nan yana jiran dubu 125 ɗinsa ko an sayar ko ba a sayar ba, sai ya ciro dubu 25 daga uwar kuɗi ya cika, asarar kashi 5 kenan. A shekara mai kyau ya ƙaru da 5, a mara kyau ya ragu da 15, kuma dalili ɗaya ne: bashi yana taimako ne kawai lokacin da abin da aikin ke kawowa ya fi kuɗin ruwa, da zarar ya faɗo ƙasa da shi toh masu kamfani suna yi wa banki aiki ne. A ƙasashen da ruwa yake kashi 5 ko 6 tazarar tana da faɗi, a nan da muka saba ganin bashin kasuwanci sama da kashi 25, tazarar ƴar siririya ce wallahi, shi ya sa ba na ɗaukar shawarar littattafan Amurka kan bashi in ɗora ta kai tsaye a kan kamfanin Kumasi.

Toh bashi nawa ne ya yi yawa?

Babu lamba ɗaya da ta dace da kowa. Ana raba bashi mai ruwa da jarin masu kamfani, in ya wuce 1 toh kuɗin bashi ya fi na masu shi. Amma ni abin da nake fara dubawa shine ribar aiki ta ninka kuɗin ruwa sau nawa. A misalin ruwan leda na sama shekara mai kyau sau 2.4 ne, mara kyau 0.8, wato bai ma kai ba. Ƙasa da 2 ina ɗaukarsa a matsayin kamfanin da shekara ɗaya mara kyau zata iya durƙusar da shi, wannan ra'ayina ne daga aiki, wani zai iya sa layinsa wani wuri.

Sai wa'adi. Bashin da za a biya cikin wata goma sha biyu ya fi hatsari, musamman in an sayi inji ko an yi gini da shi, domin ginin ba zai dawo da kuɗi cikin shekara ba kuma in banki ya ƙi sabuntawa shikenan. Sannan ka duba ruwan a tsaye yake ko mai motsi ne. Tun 2018 bankuna suna ɗora farashin bashinsu a kan Ghana Reference Rate, shi kuma yana bin ruwan babban banki da na takardun bashin gwamnati, lokacin da Bank of Ghana ya kai nashi kashi 30 a Yulin 2023 duk mai bashi mai motsi ya ji a jikinsa ba tare da ya ƙara rantar ko pesewa ba.

An ce bashin dala ya fi sauƙin ruwa, me ya sa kake tsoronsa?

Saboda 2022. A farkon shekarar dala ɗaya wajen sidi 6 take, zuwa Nuwamba ta haura 13. Kamfanin da ake binsa dala miliyan 1 ya fara shekara da bashin sidi miliyan 6 ya wayi gari da sama da miliyan 13, sauƙin ruwan nan da aka yi murna da shi bai kai komai ba kusa da wannan. Ƙa'idar mai sauƙi ce, in kamfani da dala yake samun kuɗinsa, kamar masu zinariya ko mai fitar da kaya waje, bashin dala ya dace da shi. In kuwa da sidi yake sayarwa kuma yana shigo da kayan aikinsa daga waje, toh duka biyu ne a kansa. Gaskiya ne a 2025 sidi ya farfaɗo sosai masu bashin dala suka samu sauƙi, amma wannan ma darasi ɗaya ne, ribar da canji ya kawo ba ƙwazon kamfani ba ne, ka nemo layin riba ko asarar canjin kuɗi a bayanan baya ka cire shi kafin ka yanke hukunci.

Bankuna fa? Na lissafa bashin wani banki ya ninka jarinsa sau da yawa.

Banki daban ne, ajiyar da ni da kai muke yi ita ce bashinsa, don haka ma'aunin sama ba ya aiki a nan. Abu biyu ake dubawa: ƙarfin jarinsa a kan hatsarin rancen da ya bayar, da kuma kaso nawa na rancen ya lalace ba a biya. Mafi ƙarancin ƙarfin jari kashi 13 ne kafin babban banki ya sassauta zuwa 10 na ɗan lokaci bayan musayar bashin gwamnati, wato DDEP, wanda aka fara a Disamba 2022. Bankuna da yawa sun sanar da asara a lissafin 2022 saboda sun tara takardun gwamnati masu dogon wa'adi.

Kuma ba mu manta ba, a Agustan 2017 an karɓe lasin UT Bank da Capital Bank aka miƙa wa GCB, a Agustan 2018 aka haɗe bankuna biyar aka yi Consolidated Bank Ghana, tun a Satumban 2017 kuma aka sanar da ɗaga mafi ƙarancin jarin banki zuwa sidi miliyan 400. Ga mai hannun jari abin lura shine in kamfani ya faɗi shi ne na ƙarshe a layi, sai an sallami masu ajiya da masu bin bashi tukuna.

Mene ne tsadar jari? Na gane ruwan bashi, amma kuɗin masu kamfani ai ba ruwa a kansu.

Nan ne yawancinmu ke kuskure, har da manyan 'yan kasuwa. Kuɗinka da ka sa a kamfani ba kyauta ba ne, domin da baka sa su nan ba da suna wani wuri suna kawo wani abu, kuma ka ɗauki hatsarin da mai ba da bashi bai ɗauka ba tunda shi ana fara biyansa. Saboda haka jarin masu kamfani ya ma fi bashi tsada, kawai dai ba a rubuta tsadarsa a takarda ne.

Yadda ake ƙiyasta shi, ana farawa da abin da takardun bashin gwamnati ke bayarwa, sai a ɗora lada na hatsari a kai. A ƙarshen 2022 tibil, wato takardar bashin gwamnati mai gajeren wa'adi, na kwana 91 ya kai wajen kashi 35, toh ka yi tunani, kamfanin da ya ba masu shi kashi 18 a lokacin ya ci riba a takarda amma bai biya tsadar kuɗinsu ba. Masu karatun jami'a suna amfani da wata lamba da ake kira beta don auna yadda hannun jari ke rawa tare da kasuwa, ni dai ina taka-tsantsan da ita a GSE, saboda wasu hannayen jarin sai su yi kwanaki ba a yi cinikin ko ɗaya ba, farashi a tsaye, sai lissafi ya nuna maka kamar ba hatsari alhali mai saye ne babu. Kuma bayan DDEP ba wanda zai ce maka takardar gwamnati ba ta da hatsari sam, duk da cewa tibil ba a taɓa shi ba a musayar.

Yaya ake haɗa tsadar bashi da ta jari, kuma me zan yi da lambar?

Ana auna kowanne gwargwadon kasonsa, shi ne WACC ɗin da kuke gani. A ce kashi 60 na kuɗin kamfani na masu shi ne kuma suna neman 30 cikin ɗari, kashi 40 bashi ne a kan 24. Kuɗin ruwa ana cire shi kafin a lissafa haraji, kuma harajin kamfani na gama-gari a Ghana kashi 25 ne, don haka ainihin tsadar bashin 18 ce. Sai ka ce 0.6 sau 30 ya ba da 18, 0.4 sau 18 ya ba da 7.2, jimla 25.2. Wannan ita ce katangar da dole kamfani ya tsallaka. Ka koma ma'auni na uku da na faɗa a tambayar auna riba, ka cire masa haraji, in ya fi 25.2 kamfani yana gina dukiya, in yana 15 toh duk sabon reshe da ya buɗe da duk injin da ya ƙara suna ƙara girman asarar ne, ko da ribar da yake sanarwa tana hawa.

Kar kuma ka ce tunda bashi ya fi araha a cika shi tsada ta sauka. Yana sauka zuwa wani wuri ne kawai, bashi na ƙaruwa banki na ƙara ruwa, masu hannun jari su ma suna neman ƙari saboda hatsari ya hau.

Amfani na biyu shine auna kuɗin gobe da na yau. A ce an ce ka kawo dubu 100 yau a baka dubu 150 bayan shekara biyu, kunne zai ji riba dubu 50. Amma in tsadar kuɗinka 25 ce, ka raba 150 da 1.25 sau biyu, zaka samu dubu 96, wato ƙasa da abin da ka bayar. Da irin wannan lissafin kamfanoni ke yanke shawarar gina masana'anta ko fasawa, kuma kai ma da kalkuletar wayarka zaka iya. Ka riƙa sabunta lambar dai, in ruwa ya sauka a ƙasa katangar ma tana sauka.

Hannun jarin pesewa 50 bai fi na sidi 20 araha ba?

A'a. Araha ana auna ta ne da ribar da kowane hannu ke samu. A ce farashi sidi 3 ne, ribar kowane hannu pesewa 50, kana biyan ribar shekara 6 kenan. Na pesewa 50 ɗin in asara yake yi ya fi tsada. Haka rabon riba, in sun raba pesewa 24 a kan hannun sidi 3 kashi 8 ne, a cire harajin kashi 8 da ake yankewa tun daga tushe ya rage wajen pesewa 22. Ka tabbata dai daga tsabar kuɗin aiki ake rabon, duba tambayar riba ba kuɗi, domin akwai kamfanin da zai ci bashi ya raba don a yaba masa.

Malam, duk wannan maganar ruwa ce, ya halatta Musulmi ya shiga?

Hukunci na malamai ne, ka kai wa malaminka takardun ku duba tare. Abin da zan iya faɗa shine yadda masu tantancewa suke yi. Suna fara duba sana'ar kamfanin, mai yin giya kamar Guinness Ghana da bankunan ruwa da inshora ta gargajiya sun fita tun nan. Sannan su duba lissafi, a ma'aunin AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci da ke Bahrain, bashi mai ruwa kar ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga na haram kar ya wuce kashi 5, kuma wannan ɗan kason sai a fitar da shi daga ribarka a bayar ba da niyyar lada ba. Akwai malaman da ba su yarda da wannan sassaucin ba ma gaba ɗaya.

Kaga ashe iya lissafin nauyin bashi ya fi zama dole a kanmu fiye da kowa. Kuma sa tibil a matsayin ma'auni ba sayensa ba ne, in zuciyarka bata kwanta ba ka auna da hauhawar farashi ko da abin da kasuwancinka na hannu ke kawowa, kuɗin da ka cire daga shago ka kai kamfani aƙalla su kawo abin da shagon zai kawo.

Ɗan uwana yana so in sa kuɗi a kamfaninsa, ba ya kan GSE kuma ba shi da odita, yaya zan yi?

Tambayoyin ba su canza ba, takardun ne suka canza. Ka roƙe shi cikin mutunci ya nuna maka sitetimen na banki da na momo na shekara guda, takardar rajistar kamfani, rasit na harajin GRA, da jerin duk wanda ke binsa, har da kuɗin susu da ya ɗauka da kayan da ya karɓa bashi, domin waɗannan ba a faɗa sai an tambaya. Ku fayyace tun farko rance ne ko haɗin gwiwa, in haɗin gwiwa ne kaso nawa, shi mai gudanarwa albashinsa nawa kafin a raba riba, ku rubuta da shaidu. Na ga zumunci da yawa da rashin rubutu ya ɓata, abin yana damuna sosai, kunyar minti goma ce kawai ake gudu.

In kuwa wani ne ya zo da alƙawarin kashi 7 ko 10 duk wata ba faɗuwa, ka tambaye shi wane aiki ne yake kawo sama da ninki a shekara. Hukumar SEC, mai sa ido kan harkar zuba jari, ta dakatar da kamfanin cinikin zinariya na Menzgold a Satumban 2018, a Nuwamban 2019 kuma ta soke lasin kamfanonin juya kuɗi 53, mutanenmu da yawa har yau ba su farfaɗo ba.

Na gama bincike na gamsu, ta ina zan saya kuma yaushe zan sake dubawa?

Ta hannun dillali mai lasin SEC, sunayensu na shafin hukumar da na GSE, shi zai buɗe maka asusun CSD inda ake rubuta hannayen jarinka da sunanka, ka tafi da Ghana Card. Kafin ka saya ka tambaye shi hannu nawa ake cinikinsu a rana a wannan kamfanin, saboda abin da na faɗa a tambayar tsadar jari, shiga tana da sauƙi amma ranar fita kana iya jiran mai saye, don haka kuɗin makarantar yara ko na aikin Hajjin bana ba nan ne wurinsu ba. Ka tambayi kuɗin dillanci ma, ana cira a saye ana cira a sayarwa.

Dubawa kuwa duk wata uku in sun fitar da lissafi ya isa, sai babban zama sau ɗaya in rahoton shekara ya fito. Ka samu littafi ka rubuta lambobi biyar na kowace shekara a jere, ciniki, ribar aiki, tsabar kuɗin aiki, bashi mai ruwa da kuɗin ruwan da aka biya. Kuma in an kira taron shekara na masu hannun jari kana da haƙƙin halarta da yin tambaya ko hannu ɗari kawai gare ka, wasu kamfanonin ma ta intanet suke yi yanzu, ba sai ka hau mota zuwa Accra ba.